Yadda Ake Shirya Fita Kallon Tsuntsaye da Malam-buɗe-littafi a Ƙungiyance

Duk wanda ya tashi a ƙauye ko a gefen gari a ƙasar Hausa ya san tsuntsaye tun kafin ya ji labarin cewa akwai masu keto ƙasashe da kuɗinsu don su kalle su. Ya san cewa idan shamuwa ta sauka a kan tsamiya damina ta ƙarato, ya san balbela a bayan shanu da carki a gadon bayan sa, kuma ya san kukan ragon maza daga cikin duhuwa bayan an ɗauke ruwa. Abin da yake buƙata kawai shi ne tsari, domin Najeriya ita kaɗai tana da nau'in tsuntsaye fiye da 900 da nau'in malam-buɗe-littafi fiye da 1,000, kuma yawancinmu muna wuce su kullum ba tare da mun tsaya mun dube su ba.

Fita a ƙungiyance tana da riba, tana kuma da hasara. Ribarta ita ce idanu ashirin sun fi biyu gani, kuma kuɗin mota da na ɗan jagora ya rabu a tsakanin mutane da yawa. Hasararta ita ce ƙafafu ashirin sun fi biyu ƙara, ga tari, ga hira, ga wayar da za ta yi kuka daidai lokacin da tsuntsun da aka yi awa guda ana nema ya sauka. Saboda haka duk matakan da ke ƙasa suna komawa ga abu ɗaya: a tsara tafiyar bisa lokacin halittun da ake son gani, mutane su ne za su bi.

Mataki na farko: zaɓen lokaci da wurin zuwa

A nan ne yawancin tawagogi suke yin kuskurensu na farko, domin suna zaton duk lokacin da aka samu hutu ya yi. Gaskiyar magana ita ce tsuntsayen ruwa da malam-buɗe-littafi ba sa cika a wata ɗaya. Tsuntsaye masu ƙaura daga Turai da yammacin Asiya suna fara isowa ne daga wajen Oktoba, su yi hunturu a wurinmu, su juya a Maris ko Afrilu, don haka wanda yake son ya ga garken agwagi ya rufe sararin sama, Disamba zuwa Fabrairu ne lokacinsa. Shi kuwa malam-buɗe-littafi yana buƙatar ɗanyen ganye da fure, saboda haka yana yawaita ne daga tsakiyar damina zuwa kaka, kuma da zarar iskar hunturu ta busar da ciyawa sai ya ragu ƙwarai. Haka ma ƙananan tsuntsayen gona: ɗan tsuntsun nan ja da baƙi da ke lilo a kan karan dawa da damina, namiji ne cikin rigar neman aure, kuma da rani sai ya koma launin ƙasa-ƙasa har mutum ya rantse wani tsuntsu ne daban. A ganina, tawagar da take son ta haɗa biyun a tafiya ɗaya ta zaɓi ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, lokacin da ruwa ya ɗauke, hanyoyi suka bushe, fure bai ƙare ba, baƙin tsuntsaye kuma sun fara sauka.

Game da wuri, akwai guda uku a Arewa da suka isa a ambata. Na farko shi ne dajin Amurum da ke Laminga, kusa da Jos, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis, wadda take ƙarƙashin Jami'ar Jos, take aiki tun 2001. Dajin ƙarami ne, bai wuce hekta 300 ba, amma ya haɗa duwatsu da fili mai ciyawa da kurmin bakin rafi, kuma an ga nau'in tsuntsaye wajen 300 a cikinsa. A nan ne ake neman wani ɗan tsuntsu ja mai zama cikin duwatsu, wanda masana ba su tantance shi a matsayin nau'i mai zaman kansa ba sai a 1998, suka sa masa suna Lagonosticta sanguinodorsalis, tare da wani baƙin tsuntsu da ke zuba ƙwansa a sheƙarsa ya bar masa reno. Amurum ya fi dacewa da masu farawa, domin ana zaga shi da ƙafa kuma akwai masana a kusa.

Na biyu shi ne fadamun Haɗeja da Nguru, a tsakanin Jigawa da Yobe, waɗanda suka haɗa da Baturiya da Dagona. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sanya cikin jerin fadamu masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar ta ƙasashen duniya kan kare fadamu, a shekarar 2000. Nan ne gidan dinya da kirinjijiya da zalɓe da jinjimi, da dubban baƙin agwagi a lokacin sanyi. Sai dai a sani cewa ruwan yankin ya canza tun bayan gina madatsun Tiga da Challawa, kuma ciyawar kacalla ta toshe mashigai da yawa, don haka inda tsuntsaye suka taru bara ba lallai nan za su taru bana ba, sai an tambayi masunta. Na uku shi ne Yankari a Jihar Bauchi, inda aka ga nau'in tsuntsaye fiye da 350, musamman a bakin kogin Gaji da kewayen maɓuɓɓugar Wikki. Wanda kuma babban burinsa malam-buɗe-littafi ne, kurmin Kudu ya fi, kamar Okomu a Jihar Edo da tsaunukan Oban a Kuros Riba, kuma 'yan uwanmu na zangon Kumasi suna da dajin Bobiri a kusa da su, wanda ya shahara da nau'i wajen 400.

Duk da haka, shawarata ga sabuwar tawaga ita ce kada ta fara da doguwar tafiya. A fara gwada fitar safiya ɗaya a fadama ko lambu ko bakin dam da ke kusa da gari, domin a can ne za a gane wanda ba ya iya yin shiru, da wanda takalminsa ke cin ƙafa, da wanda ba ya tashi da wuri.

Mataki na biyu: haɗa tawaga da neman izini

Mutum shida zuwa goma sun isa. Idan aka wuce haka, na gaba ne kawai za su riƙa ganin tsuntsu, na baya kuwa reshe mai motsi za su tarar, saboda haka idan jama'a sun yi yawa a raba su gida biyu, kowane rukuni da jagoransa da hanyarsa. A naɗa shugaban tafiya wanda maganarsa ita ce ta ƙarshe a kan lokaci, da marubuci mai riƙe jerin abin da aka gani, da ma'aji wanda zai karɓi karo-karo tun kafin ranar tafiya, da wani mai natsuwa da zai riƙa zama a ƙarshen layi don kada a bar kowa a baya.

Idan gandun daji ne na hukuma ko na wata cibiya, a tuntuɓe su tun da mako biyu ko uku, a ji kuɗin shiga da na kyamara da ƙa'idar ɗaukar jagora. Idan kuwa fadamar gari ce ko bayan ƙauye, a fara zuwa wurin mai unguwa ko dagaci ko bulama, a yi gaisuwa yadda ta kamata, a ce: "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu, tsuntsaye muka zo kallo, ba ma harbi kuma ba ma kamawa, muna neman izini da wanda zai raka mu." Wannan gaisuwar ta minti goma tana buɗe ƙofofin da takarda ba ta buɗewa, kuma sau da yawa wanda za a haɗa ku da shi, maharbi ne ko masunci, ya fi kowa a tawagar sanin inda kowane tsuntsu yake kwana. A biya shi haƙƙinsa da kyau, a kuma rubuta sunayen da yake kiran tsuntsayen da su, domin wasu daga cikin sunayen ba a littafi suke ba. Dole ne kuma a bincika halin tsaron hanya daga bakin mutanen wurin kwana ɗaya kafin tashi, a riƙe katin shaida da wasiƙar ƙungiya, kuma kada a ɗaga madubi ko kyamara kusa da shingen jami'an tsaro ko bariki, domin wanda bai san wannan sha'awa ba yana iya yi mata wata fassara.

Mataki na uku: kayan aiki da sutura

Babban kayan aiki shi ne madubin hangen nesa mai ido biyu. Za a ga an rubuta lambobi a jikinsa kamar 8x42: lambar farko tana nufin yana kusanto da abu sau takwas, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, wanda shi ke nuna yawan hasken da yake tarawa. Mai 8x42 ya fi dacewa da kowa, domin wanda ya fi shi ƙarfi yana rawa a hannu kuma filin da yake nunawa ƙarami ne. Tun da za a kalli malam-buɗe-littafi ma, a gwada madubin a ga ko yana iya fito da abin da ke nesa da mita biyu sarai. Idan madubai ba su isa ba, mutum biyu su raba ɗaya, kada a wuce haka. A fadamun Nguru babban madubi mai ƙafa uku yana da amfani ƙwarai, kuma guda ɗaya ya ishi tawaga.

A tafi da littafin gane tsuntsayen Afirka ta Yamma na Nik Borrow da Ron Demey ko da kwafi ɗaya ne, da ƙaramin littafin rubutu da fensir ga kowa. A sauke manhajojin waya masu taimakawa wajen gane nau'i, irin su Merlin da iNaturalist, tun a gida, domin a daji sau da yawa babu sabis. Sutura ta zama mai launin ƙasa ko kore ko toka, mai dogon hannu, ba mai ƙara idan ana tafiya ba, don haka shadda mai sitaci da farar riga su zauna a gida. A Yankari a guji shuɗi da baƙi, domin launukan nan biyu suna jawo ƙudan tsando. Takalmi rufaffe da safa wajibi ne saboda ƙarangiya da kaska da maciji, sai hula ko mayafi mara ƙyalli, da rigar sanyi idan Jos za a je, domin asubahin can a Disamba ba wasa ba ne. Kowa ya riƙe ruwan sha aƙalla lita biyu, a kuma haɗa ƙaramin akwatin magani mai ɗauke da bandeji da ƙullin gishiri da sukari. Turare mai ƙarfi a bar shi, saboda ƙudan zuma.

Daren tafiya a zauna a koya wa kowa saita madubinsa, domin ba a gaban tsuntsu ake koyon wannan ba. Da farko a lanƙwasa madubin daga tsakiya har da'irori biyun da ake gani su haɗe su zama ɗaya. Daga nan a rufe gilashin dama da tafin hannu, a kalli wani rubutu mai nisa da idon hagu, a juya babban abin murzawa na tsakiya har ya fito sarai. Sai a rufe na hagu, a juya ƙaramin zoben da ke jikin idon dama har shi ma ya daidaita, kuma daga nan ba a sake taɓa wannan zoben. Mai sa tabarau ya danna robar bakin madubin ƙasa. Abu na ƙarshe, wanda shi ne ya fi ba sababbi wahala, shi ne kada mutum ya sauke idonsa daga kan tsuntsu don ya nemi madubi: ido ya tsaya a kan tsuntsun, hannu ya ɗago madubin ya same shi a can.

Mataki na huɗu: safiya ta tsuntsaye ce

A yi sallar asuba a kama hanya, ta yadda gari zai waye tawaga tana bakin daji. Daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara ne tsuntsaye suke kuka da kiwo a fili, bayan haka zafi yana kora su cikin inuwa. Na taɓa fita da wata tawaga da direbanmu bai iso ba sai ƙarfe bakwai da rabi, muka isa fadama rana ta take, muka yini muna kallon balbela da hankaka, alhali masuntan wurin suna gaya mana irin garken da ya tashi awa biyu kafin zuwanmu. Tun daga ranar, mota a masaukinmu take kwana.

A filin kallo a yi layi ɗaya, jagora a gaba, a tafi a hankali, a riƙa tsayawa bayan kowane taku hamsin ko ɗari a saurara. Idan zai yiwu a sa rana a bayan tawaga, domin tsuntsun da ke tsakaninka da rana baƙin inuwa kawai za ka gani. Wayoyi duka a kashe musu ƙara, magana ta zama raɗa, kuma kowane rabin awa na gaba su koma baya don kowa ya samu rabonsa. Bakin daji, inda kurmi ya haɗu da fili, ya fi tsakiyarsa albarka, haka ma itacen ɓaure ko cediya mai 'ya'ya, da duk wani ɗan kududdufi a lokacin rani. Idan aka samu irin wannan wuri, zaman minti ashirin a gindin itace ya fi tafiyar kilomita guda amfani.

Nuna wa jama'a tsuntsu fasaha ce da sai an koya. Mutum ya miƙa hannu da sauri yana cewa "ga shi can, ga shi can" ba ya haifar da komai sai tashin tsuntsun. Abin da ake yi shi ne a fara da abin da kowa ke gani, sannan a matso: "Malam, ka ga kukar nan babba? Dubi gawon da ke damarta. Ka ɗauki kan gawon kamar fuskar agogo, tsuntsun yana wajen ƙarfe biyu, a kan busasshen reshe." Wanda ya gani ya ce ya gani a hankali, ya ja baya ya ba wani wuri.

Wajen gane nau'i, kada a yi saurin buɗe littafi, domin littafi yana nan, tsuntsu kuwa tashi zai yi. A fara da girma, a auna shi da waɗanda kowa ya sani: ya kai gwara, ko kurciya, ko hankaka, ko zalɓe? Sai baki: gajere ne mai kauri irin na masu cin tsaba, ko siriri mai lanƙwasa irin na masu shan ruwan fure, ko mai ƙugiya irin na shaho, ko babba irin na cilakowa? Sai tsawon ƙafa da siffar wutsiya, kamar yadda ake gane shirwa daga nesa da wutsiyarta mai baki biyu. Bayan haka a lura da launi da inda yake a jiki, da abin da tsuntsun yake yi, da irin wurin da aka gan shi, da kukansa. A rubuta ko a zana waɗannan, sannan a buɗe littafi. Idan an yi gardama kuma ba a samu tabbaci ba, marubuci ya rubuta cewa ba a tantance ba, kuma wannan ba abin kunya ba ne, domin manyan masana ma suna yin haka. Ina kuma roƙon kowace tawaga da ta guji kunna kukan tsuntsu a waya don jawo shi, musamman lokacin sheƙa, saboda tsuntsun yana barin ƙwansa ya fito faɗa da abokin gaban da babu shi.

Mataki na biyar: hantsi na malam-buɗe-littafi ne

Hikimar haɗa kallon biyu a fita ɗaya tana nan: daidai lokacin da tsuntsaye suke yin shiru ne malam-buɗe-littafi yake tashi. Jikinsa ba ya ɗumama kansa, sai rana ta gasa shi kafin ya iya tashi da ƙarfi, shi ya sa da sassafe za a same shi a kan ganye ya shimfiɗa fukafukai yana shan hantsi, kuma wannan ne lokacin da ya fi sauƙin ɗauka a hoto. Don haka wajen ƙarfe tara a zauna a karya kumallo, sannan a sauke ido daga kan itatuwa zuwa ƙasa, a ci gaba har zuwa azahar.

Hanya mafi sauƙi ta samunsa ita ce sanin tsiron da tsutsarsa take ci, kuma a nan ɗan ƙauye ya fi ɗan birni. A duba tumfafiya: a ƙarƙashin ganyenta akan samu tsutsa mai zanen baƙi da fari da rawaya, wadda take zama malam-buɗe-littafin nan mai launin ruwan goro, mai baƙin gefe da ɗigon fari, wanda a yankinmu fukafukansa na baya suke da fari. Tsutsar tana tara dafin ruwan tumfafiya a jikinta, dafin ya bi ta har ta girma, saboda haka tsuntsaye ba sa cin sa, kuma shi ya sa yake tashi a hankali ba tare da fargaba ba. Akwai wani nau'in daban da macensa take kwaikwayon wannan launi don ta tsira alhali ba ta da dafi, namijinta kuwa baƙi ne mai manyan fararen tabo da shuɗi ya kewaye, har wanda bai sani ba ba zai yarda miji da mata ba ne. A duba lemun tsami a lambu: ƙaramar tsutsar da ke kan ganyensa kamar kashin tsuntsu take, idan ta girma ta koma kore, idan aka taɓa ta kuma ta fito da wasu ƙahonni biyu masu wari, kuma ita ce take zama babban baƙin nan mai ɗigon rawaya. A duba tafasa da rai-ɗore, can ne fararen nan masu saurin tashi suke zuba ƙwai.

Wuri na biyu shi ne danshi. A mashayar dabbobi, ko bakin rafi mai yashi, ko inda shanu suka yi fitsari, akan tarar da gomman malam-buɗe-littafi sun taru a ƙasa suna tsotson laka, yawancinsu maza ne masu neman gishiri. Na taɓa durƙusawa a irin wannan wuri a bakin wani rafi, tazarar kamu biyu tsakanina da su, ina kallon yadda kowanne yake warware dogon bakinsa mai kama da zare ya soka cikin yashi, fukafukai a tsaye suna ɗan karkarwa, har wani ya taso ya sauka a bayan hannuna yana shan gumi. Wuri na uku shi ne ruɓaɓɓen 'ya'yan itace. Akwai manyan nau'o'i masu kaurin jiki da saurin tashi waɗanda ba su damu da fure ba, sai ruɓaɓɓen mangwaro da ruwan jikin itace da kashin dabbobi. Don a jawo su, a dama ayaba da ta nuna sosai da ɗan sukari kwana biyu ko uku kafin tafiya, a rufe a roba a ajiye a rana, sannan da safe a shafa a kan kututture a bakin kurmi, a dawo da hantsi a duba.

Matsawa kusa da shi yana da ƙa'ida. Mutum ɗaya ko biyu ne za su matsa, saura su tsaya baya da madubi. A sunkuya, a tafi kai tsaye a hankali ba tare da kaɗa hannu ba, kuma babban abin kiyayewa shi ne kada inuwar mutum ta faɗa kansa, domin nan take zai tashi. Idan ya tashi kada a bi shi da gudu, a tsaya cik, sau da yawa yana dawowa kan furen da ya bari. A yi ƙoƙarin ɗaukar hoton saman fuffuke da ƙarƙashinsa, domin a nau'o'i da yawa zanen ƙarƙashi ne yake raba gardama, kuma wasu suna da launin damina da launin rani dabam-dabam. Don bambanta shi da 'yan uwansa masu fita da dare, a dubi siraran ƙahonnin kansa, nasa suna da ɗan ƙulli a ƙarshe kamar kan ashana. Kada a kama shi da hannu, domin garin launin da ke maƙalewa a yatsa ƙananan ɓawo ne da suka rufe fuffuken, kuma ba sa sake tsirowa. Wanda yake son ganin ƙwai ko ƙaramar tsutsa da kyau ya juya madubinsa, ya kalla ta babban gilashin, ya kusanto da ƙaramin dab da ganyen, zai ga ya ƙara masa girma.

Mataki na shida: azahar zuwa magariba

Daga azahar zuwa la'asar a huta a inuwa, a yi salla, a ci abinci, a sha ruwa ko da ba a jin ƙishi. Masu ƙarfin hali su riƙa duban sama, domin a wannan lokaci ne shaho da gaggafa suke shawagi a kan iska mai zafi. Bayan la'asar a koma bakin ruwa, inda tsuntsaye suke dawowa sha da kwana. Idan za a shiga kwale-kwale, kowa ya sa rigar kariya, kada a wuce adadin da mai jirgi ya faɗa, kada kuma kowa ya miƙe tsaye don ya ga tsuntsu. A guji shiga ruwan da ba ya gudu da ƙafa saboda tsargiya, kuma kada a matsa wa garke har ya tashi, domin tsuntsun da ya keto Sahara kitsen jikinsa shi ne guzurinsa na komawa. Gab da magariba a saurari yautai da mujiya, amma a tabbatar an bar daji kafin duhu ya rufe, a kuma kwashe duk leda da robar da aka zo da su.

Mataki na bakwai: lissafin dare

Bayan isha'i tawaga ta zauna, marubuci ya karanto jerin ɗaya bayan ɗaya, a gyara, a ƙara abin da wani ya gani shi kaɗai idan ya iya bayyana shi, a rubuta kwanan wata da wuri da lokacin farawa da gamawa da kimanin adadi. A duba hotunan malam-buɗe-littafi tare, waɗanda aka kasa ganewa a ɗora su a iNaturalist idan an samu sabis, masana daga ko'ina za su taimaka. Jerin tsuntsaye kuwa ana iya tura shi ta eBird, shafin intanet da ke tara bayanan masu kallon tsuntsaye, ko ta manhajar BirdLasser zuwa shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar Jos take jagoranta tun 2015, wanda ya raba ƙasar zuwa murabba'ai masu kimanin kilomita 9 a kowane gefe, kuma yake buƙatar kallon aƙalla awa biyu a cikin murabba'i kafin jeri ya cika. Akwai wurare da yawa a Arewa da jerin ƙaramar tawaga zai zama da amfani na gaske ga masu bincike.

Abu ɗaya ne ba a yaɗawa: wurin sheƙar tsuntsun da ake farauta. Gauraka, wanda iyayenmu suka saba gani a fadamu, ya yi ƙaranci ƙwarai saboda kamu da sayarwa, ungulu kuma da ta cika mahauta a da, tun 2015 tana cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa, kuma cinikin sassan jikinta yana cikin manyan dalilai. Idan tawaga ta yi sa'ar ganin sheƙar ɗaya daga cikinsu, ta sanar da ma'aikatan gandun ko masu bincike kai tsaye, kada ta sa hoto da sunan ƙauyen a Facebook ko WhatsApp. Kafin a watse a tsayar da ranar fita ta gaba, ma'aji ya karanta abin da aka kashe, sannan kowa ya hure ƙurar da ke kan gilashin madubinsa kafin ya goge shi da ƙyalle mai laushi, domin ƙurar hunturu tana karce gilashi idan aka murza ta a bushe.